Gambar Iyaka da Hannun Kawu

Da aka idar da sallar gawa aka ɗauki makarar Kawu, ban ji kuka mai yawa a cikin maza ba. Shaida na fi ji, kuma irin shaidar da ba a saba yi wa mamaci ba. Wani tsoho mai sayar da goro ya tura hularsa baya, ya nuna wa na kusa da shi tabon da ke goshinsa, ya ce: "Wanga aikinshi ne, tun muna samari. Allah shi gahwarta mashi." Wani ya buɗe baki ya nuna giɓi. Har mutumin da ya taɓa yi mana alƙalancin wasa, arbit, ya taso a kan moto daga wajen Mayahi, ya tsaya a sahun baya yana dafe da haƙarƙarinsa, wurin da Kawu ya taɓa karya masa.

A cikin gida, Inna, wato uwata, ƙanwar marigayin, ta yi ta amsa gaisuwa da busasshen ido. Duk wadda ta ce mata yaya haƙuri, sai ta ce: "Ya huta, mu ma mun huta." Sai da aka fito da rigunansa za a raba, ta ga kowace riga an naɗe hannunta na hagu an ɗinke, sannan ta zube ƙasa. Mata uku suka riƙe ta.

Mutum ɗaya ne a duk garin bai zo ba, kuma kowa ya lura. Shi ne taubashin Kawu, ɗan goggonsa, wanda muke kira Baba Taubashi. Shi ya sare wa Kawu hannu.

Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, ni ne kuma kaftin na ekif, wato ƙungiyar ƙwallon garinmu, a lokacin da abin ya faru. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don in sauke abin da na yi shekara huɗu ina ɗauke da shi. Saboda ni Kawu ya rasa hannun nan.

Garinmu yana kan hanyar rairayi da ta baro Tasawa ta yi wajen Urafane. Kawu magini ne, rabin ɗakunan garin shi ya ɗora su. Da ƙuruciya ɗan kokawa ne, kuma har ya mutu yana rantsuwa bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, ko da yake akwai tsofaffin da ke tari idan ya faɗi haka. Bai taɓa buga ƙwallo ba. Ban tabbata ya san dokokinta duka ba. Amma tun ranar da ya ga samarin garin sun bar tafiya cirani don suna da wasa ranar Lahadi, sai ya naɗa kansa parzidan, shugaban ekif. Babu wanda ya zaɓe shi, babu kuma wanda ya yi gangancin tambaya.

Maganarsa ɗaya ce a bakin fili. Ko an taka ka, ko an fasa maka baki, ko ƙafa ta gurɗe, sai ka ji muryarsa ta danne ta kowa: "Tashi, ba ka mutu ba!" Amma bayan an tashi wasa, shi ne zai zaunar da mu a gindin bedi, ya bi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya da man kaɗe, yana murzawa da manyan yatsunsa na magini, yana zagin iyayenmu. Ranar da mai tsaron gidan ekif ɗinmu ya karye a cinya, Kawu ya ɗora shi a amalankensa, ya kai shi har Tasawa, ya yi kwana tara yana jinyarsa. Da yaron ya warke ya zo godiya, Kawu ya mare shi don ya fito wa ƙwallon da bai kamata ya fito mata ba.

Mutum ɗaya ne ke iya zaginsa a kasuwa ya kwana lafiya, Baba Taubashi. Uban Kawu da uwar Baba Taubashi ciki ɗaya suke, don haka wasan taubasantaka ya halatta musu komai. Kawu ɗan namiji ne, sai yake kiransa "bawana". Shi kuma ya amsa da "ubangidan banza". Na sha ganin Baba Taubashi ya fizge hular Kawu ya ɗora wa jaki, Kawu ya bi shi da gudu, su ƙare a kan tabarma ɗaya suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Mun taso da imanin cewa babu abin da zai iya shiga tsakaninsu.

Masifar ta fara ne a tsohon filinmu na bayan lakol, makarantar boko. Fili ne buɗaɗɗe, da toka ake zana layi, ƴan kallo kuma a kan layin suke tsayawa. Muna wasa da wani gari na wajen Mayahi, saura kaɗan a tashi, arbit ya ba su penalti. Kawu ya shiga fili da gorarsa. Bai yi gardama ba, bai tambayi dalili ba, ya sauke ta a haƙarƙarin mutumin. Ganin parzidan ya shiga, gari duka ya bi shi. Duwatsu suka tashi, aka fasa kawuna, aka ƙone moton baƙi guda. Ƴan wasansu suka ruga cikin aji suka tokare ƙofa da tebura, mutanenmu na jifan rufin langa-langa. Ni kaina na shuri wani yaro yana kwance, ba zan ɓoye ba. Kafin jandarma su iso, jini ya bushe a kan rairayi.

Kawu ya yi kwanaki a tsare. Daga baya takarda ta zo daga masu shirya gasa a Maradi: an dakatar da ekif ɗinmu har sai mun samu sitad, fili mai katanga ta kowane ɓangare, da ƙofa, da shinge tsakanin ƴan kallo da ƴan wasa. In wa'adi ya cika ba mu yi ba, za a share sunanmu. Kowa ya san ma'anar wannan. Ekif ce ke riƙe samarin garin da rani. In ta mutu, sai Agadas, sai ramukan zinariya, sai Libiya, wuraren da muka riga muka aika mutane ba su dawo ba.

Abin da Kawu ya fara yi ya ba kowa mamaki. Ya ɗaure rago a amalanke ya tafi garin arbit ban haƙuri. Ƙannen mutumin suka tare shi a ƙofar gida da sanduna. Wanda ya kora masa amalanken ya ce Kawu zama ya yi a ƙasa, ya rungume gwiwoyinsa, ya bari suka yi har suka gaji. Da suka tsaya ya ɗago kai, ido ɗaya a rufe, ya ce: "Kun gama? To ku kama ragon, ya sha rana."

Da ya dawo ya tara mu, ya ce gonarsa ta gado da ke bakin gari ita ce sitad. Matarsa ta fito har zaure tana faɗa: "Ƙwallo za mu ci? Hatsin gidan ga daga ina za shi hito?"

Kawu ya ce: "Ni na kashe ma samari wasa, ni ka biya."

Ba mu da siminti, sai laka da ƙarfi. Aka shirya gayya, za a ɗebo laka daga tabki a buga bulo.

Dole in yi bayanin gamba, don wanda bai tashi a ƙauye ba. A wajenmu iyakar gona ba takarda ba ce, ba turke ba ne. Layin ciyawar gamba ne da ake dasawa tsakanin gona da gona. Kowace kaka a yanke ta a yi zana, tushen ya zauna a ƙasa, damina ta zo ya sake tofo. Ana yanka gamba, amma ba a tuge ta. Layin da ke gabas da gonar Kawu shi ya raba ta da ta Baba Taubashi, kuma uwar Baba Taubashi ce ta dasa shi da hannunta ranar da aka raba gadon kakansu. Rabon mace ta samu, ɗan siriri, shi ya sa ta dasa gambarta sosai, tushe kusa da tushe. Ta daɗe da rasuwa.

Ranar sharar fili Kawu ya tafi tabki da masu amalanke, ya bar mini samari ya ce a gyara wuri. Muka ja igiya muka auna, faɗin fili ya kai mu dab da gambar. Tushen ya bushe ya yi tauri, ya riga ya tsage wa mutum biyu yatsa, ga shi muna neman wurin aza katanga. Na ce a kawo diga.

Wani daga cikinmu ya ce: "Kaftin, iyaka ce hwa."

Na ce: "Iyakar wa? Tsakanin Kawu da bawanshi? Gobe su yi zage-zage su sha hura."

Ba zan ce ban san mene ne gamba ba, ɗan manomi ne ni. Na dogara ne da wasan da ke tsakaninsu, na zaci zai ɗauki wannan ma. Muka tuge layin kaf, muka tara tushen muka cinna wuta, muka baje rairayi. Da Kawu ya dawo da la'asar ya ga toka, ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas. Ya dube ni. Na jira mari, bai zo ba. Kafin gari ya waye iska ta shafe ɗan sauran alamar da ta rage.

Da hantsi muna cikin kwaɓa laka, Baba Taubashi ya ɓullo ta gabas da ƴaƴansa maza biyu, gatari a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a inda gambar take da, ya ce: "Wa ya tuge gambar uwata?"

Diga na hannuna. Samarinmu suka fara matsowa da shebur. Ya sake tambaya, idonsa a kaina, ya tako zuwa wajena. Sai Kawu ya ratso, laka har gwiwa, ya tsaya tsakaninmu yana murmushin dole.

Ya ce: "Ni ne, bawana. Gonar bawa ai ta ubangida ce."

Ban ga tashin gatarin ba, saukarsa na gani. Kawu ya kare kansa da hannun hagu. Na ji ƙarar kamar an sare ɗanyen reshe, jini ya watso mini a fuska da ƙirji. Wuri ya hautsine. Samarinmu suka rufe ƴaƴan Baba Taubashi, aka fasa wa babban kai da shebur, ƙaramin aka danne shi cikin laka ana takawa. Wasu suka kayar da tsohon, wani ya ɗaga bulo zai sauke masa a ka. Kawu yana durƙushe, hannun na lilo da fata da jijiya, ya yi tsawar da ban taɓa jin irinta ba ko a bakin fili: "Wanda duk ya taɓa shi, ban yahe ba duniya da lahira!" Bulon ya faɗi gefe. Baba Taubashi ya tashi, ya bar gatarinsa a ƙasa, ya ja ƴaƴansa suka tafi.

Muka ɗaure hannun da rawani, amalanke ya kai mu bakin hanya, mota ta ƙarasa da mu gidan likita a Tasawa. Aka yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu. Da jandarma suka zo ɗaukar bayani, Kawu ya ce faɗuwa ya yi a kan gatarinsa. Babbansu ya ce: "Tsoho, wace irin faɗuwa ce wannan?" Kawu ya ce: "Ban saba hwaɗuwa ba, shi ya sa ban iya ta ba." Suka yi, suka yi, bai canza ba.

Da aka bar mu mu biyu na matsa kusa da gadon, na ce: "Kawu, zan je in gaya masu ni ne."

Da hannun da ya rage ya mare ni, har kunnena ya yi ƙara. Ya ce: "Ruhe bakinka. Ka hwaɗi, a sare ka, ƴan uwanka su rama, garin ya ƙone? In ka buɗe baki hannuna ya tahi banza." Na rufe. Da farko don ya hana ni ne, daga baya don shirun ya yi mini daɗi.

Da hannu ɗaya Kawu ya gina sitad ɗin. Mu miƙa bulo, ya aza da dama, ya danna da dungun. Katangar yamma ta tashi, ta kudu ta tashi, ta arewa ta tashi da ƙofarta ta ƙarfe. Ta gabas ce ya ƙi taɓawa. Maigari ya ce zai tura dattawa su tsayar da sabuwar iyaka, Kawu ya ce a'a: "Goggo ta dasa, ɗanta kaɗai ka nuna inda take. In na aza bulo bisa ƙasarta ko da taki guda, mi zan ce mata?" Baba Taubashi kuwa ya daina magana da kowa a gidanmu. Ya canza masallaci, in ya hango Kawu a kasuwa sai ya juya. Kawu ya aika masa sau da yawa, ɗan aike ya dawo ba amsa.

Haka sitad ya zauna da baki a buɗe, awaki na kiwo a ciki. Mutanen Maradi suka ƙara mana wa'adi, suka sake ƙarawa, suka ce na bana shi ne na ƙarshe. Samari suka fara zamewa. Mai tsaron gidanmu, wanda Kawu ya yi jinya, ya tafi haƙar zinariya, rami ya rufta da shi. Ranar da labarin ya zo na sami Kawu yana yaɓen katangar arewa, na ce masa: "Taurin kanka ne ka kashe ekif. Ka aza katangar, in ya so ya zo ya rushe!"

Ya ɗauki rabin bulo ya jefe ni, ya same ni a kafaɗa. Ya ce: "Kai ka hwaɗa mani haka? Kai?" Sau ɗaya ke nan a shekara huɗu da ya tuna mini. Na yi fushi na koma Tasawa ina kabu-kabu, na yi wata biyu ban gaishe shi ba. A cikin wata biyun nan ne hawan jini ya kayar da shi a gindin katanga. Na iso yana numfashi amma ba ya magana. Ina jin kunyar wannan, kuma zan mutu ina jinta.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a ana rabon masar sadaka, sai amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Baba Taubashi ne, ya tsufa fiye da yadda na san shi. A bayan amalanken akwai dagi da tushen gamba ɗanye, da ƙasarsa a jiki. Na ga wasu samari na lalubar sanduna a ƙarƙashin tabarma. Bai zauna ba, bai yi wa kowa gaisuwa ba, ya ce: "Ku taso."

Muka bi shi har sitad, maigari da liman a gaba. Ya tsaya a gindin aduwar da ke kusurwar arewa, ya tuɓe takalmi, ya fara jan diddige a rairayi, a hankali, yana duban wani tsohon suri da ke kudu. Bai yi shakka ko sau ɗaya ba. Bai ƙara mana taki ba, bai rage ba.

Da ya kai ƙarshe na fito gaban jama'a, na ce: "Baba, ba Kawu ya tuge gambar ba. Ni ne."

Ya dube ni ya ce: "Na sani. Ina bisa rumbu ina gyaran jinka, na gan ka da idona. Kai na zo sara."

Ya ci gaba: "Da ya ce shi ne, na san ƙarya yake. Amma ya sa wasa cikin maganar uwata, hannuna ko ya riga ya tashi." Liman ya tambaye shi me ya hana shi zuwa tuntuni. Ya ce: "Malam, sau nawa na ɗauko gambar ga. In na taho sai in hango hannun rigarshi a naɗe, ƙahwata ta ƙi tahiya."

Ya miƙo mini dagi ya ce: "Kai ka tuge, kai ka dasawa." Na haƙa, ya miƙo tushe, na dasa, tushe kusa da tushe, tun daga aduwa har suri. Tafin hannuna ya fashe, babu wanda ya karɓe ni, ban kuma so a karɓe ni ba. Da muka gama ya juya wajen maƙabarta, ya ɗaga murya kamar yadda yake yi a kasuwa da: "Ubangidan banza! Ka tahi ka bar bawa da aiki!" Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya zauna daɓas a rairayi ya rufe fuska da hula. Ƴaƴansa ne suka ɗaga shi.

Mun fara katangar gabas, a cikin gonar Kawu, bayan gamba. Yanzu ta kai ƙirji, kuma babban ɗan Baba Taubashi, mai tabon shebur a ka, shi ke ɗebo mana laka. Wurin ya matse, duk mai bugun kusurwa ta wannan ɓangaren bayansa zai jingina da katanga, taku biyu kawai zai samu. Haka za mu buga. Masu dubawa za su zo daga Maradi kafin rani ya ƙare, samari biyu kuma da suka riga suka ɗaure kayan tafiya sun kwance su.

Kawu bai ga wasa ko ɗaya a cikin sitad ɗinsa ba. Ya kasance mai zafin hannu, ya cuci mutane, ya kuma biya da jikinsa fiye da yadda kowa ya nema. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya tashe shi da hannuwansa biyu, ko da marina zai fara yi da su.